MALAM AMINU KANO DA MASU ƘIN DUBA HUJJA

Mutumin da za mu ba da labarinsa a wannan wata ba Kirista ba ne. Musulmi ne, malami ɗan malamai, ya rayu cikin addininsa, ya mutu cikinsa. Amma babu wani dattijo a ƙasar Bichi ko Dambatta ko Dawakin Tofa, ko mai zuwa masallaci ko mai zuwa majami'a, wanda bai san sunan Malam Aminu Kano ba. Dalilin da ya sa muka zaɓe shi ke nan: dukan kwanakinsa ya yi ta kawo hujja a gaban mutanen da suka riga suka ƙudura a ransu ba za su duba ba. Wannan ciwo kuwa ba ya zaɓen ƙabila ko addini. Yana kama fada, yana kama jam'iyya, yana kuma kama majalisar dattawan ekklesiya.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a shekara ta 1920, zamanin da Turawa suka yi shekara 17 da cin garin. Ubansa Malam Yusufu daga Fulanin Genawa yake, gidan da aka sani da ilimi da alƙalanci, shi kansa kuma muhuti ne, watau mai taimakon alƙali a wurin shari'a. Uwarsa Rakiya mai karatu ce, a hannunta ya fara koyon Alƙur'ani. Domin wannan tun yana yaro ya san abu biyu: ya san mace tana iya zama mai ilimi, ya kuma ga yadda ake yi da talaka a gaban shari'a.

Ya shiga makarantar Shahuci, daga nan ya wuce Midil ta Kano, kana ya tafi Kwalejin Kaduna a 1937. Da ya gama a 1942 aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauchi. Can ya zauna tare da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Minista daga baya, can kuma ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, mutum mai zurfin Larabci da kaifin harshe.

A Bauchi akwai wani taron tattaunawa da aka kafa da yardar hukuma, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da Turawa su kan zauna su yi muhawara. Wata rana Aminu ya tambaya bisa ga wane ma'auni ake yanka albashin sarki. Tambaya ce wadda ake iya amsa ta da lissafi. Amma manya suka ɗauke ta rashin kunya, ba da daɗewa ba kuwa taron ya mutu. Mai karatu ya riƙe wannan, gama abin da ya faru a ɗakin nan shi ne ya yi ta faruwa har ƙarshen ransa. Ya yi tambaya, maimakon a amsa sai a rufe ƙofa.

A 1946 ya sami tafiya Ingila domin ƙarin ilimin koyarwa a Landan. Ya ga ƙasar da 'ya'yan leburori suke zama a majalisa, ya kuma bi labarin Gandi na Indiya, wanda ya ja da mulkin Ingila ba tare da makami ba har ƙasarsa ta sami 'yanci a 1947. Da ya komo ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948. Hukuma ta ga ya cika tashin ƙura, sai ta kai shi makarantar horon malamai ta Maru, cikin lardin Sakkwato na lokacin.

HALIN DA TALAKA YAKE CIKI

Matasa na yau ba su ga zamanin En'e ba, ya kamata a gaya musu. Ƙasarmu ta arewacin Kano ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona tana jingine da gona, ba daji sai kaɗan. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama kuɗin manomi. Da kaka ta yi sai a buga haraji. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai birni. Mai shanu kuma ya biya jangali. Ban da wannan akwai gaisuwa da ake kai wa manya, akwai aikin gonar hakimi wanda ba a biya. Wanda damina ta ƙi masa ya kan sayar da akuya ko hatsin ci, wani ya jinginar da gona, wani ya gudu ci rani.

Idan an zalunce shi, ina za shi? Ɗan doka na En'e ne, alƙali na En'e ne, gidan yari na En'e ne, a bisa dukansu kuwa Sarki ne, a bayan Sarki kuma Razdan. An koya wa talaka cewa haka Allah ya tsara, wanda ya ja da sarauta ya ja da addini. Turawa ma suna da tasu aƙida wadda ba su so a taɓa: sun gaskata cewa mulki ta hannun sarakuna shi kaɗai ya dace da mutanen Arewa, duk wanda ya ce akwai gyara sai su ce ɗan boko ne mai neman suna.

HUJJAR DA YA KAWO

A ranar 8 ga Agusta 1950 waɗansu samari 8 suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda aka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. Cikinsu akwai Abba Maikwaru, da Mudi Sipikin, da Magaji Dambatta ɗan ƙasarmu. A ƙarshen shekarar nan Aminu ya ajiye aikin gwamnati ya komo gida ya shiga cikinsu, a 1953 kuma ya zama shugabansu. Ɗayar ƙungiyar, watau Jam'iyyar Mutanen Arewa ko NPC, shi ma yana cikin waɗanda suka fara ta, sa'ad da Dokta Dikko na Wusasa yake shugabanta. Amma da ta zama jam'iyyar siyasa a 1951 sai ta koma hannun sarakuna da manyan ma'aikatan En'e.

Abin da ya sa Malam Aminu ya yi wa manya wuyar sha'ani shi ne, bai zo musu da littattafan Turawa ba. Littattafan kakanninsu ya buɗe. Sarakunan Arewa suna cewa su magada Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne. To, Shehu ya rubuta littafi mai suna Kitabul Farƙi, inda ya jera ayyukan sarakunan Haɓe waɗanda ya yi jihadi domin ya kawar, cikinsu har da jangali da gaisuwar da ake kai wa masu mulki. Ƙanensa Abdullahi na Gwandu ya zauna a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami domin ya nuna wa masu mulki iyakarsu. Shehu kuma a cikin Nurul Albabi ya tsauta wa mazan da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuwa malama ce wadda ta koyar da mata har ƙauyuka. Malam Aminu ya ɗauki waɗannan ya ajiye a gefe ɗaya, ya ɗauki abin da ake yi a fada da kotu ya ajiye a gefe ɗaya, ya roƙi jama'a su gwada su gani da idonsu.

Ya bi kasuwannin ƙauye yana lacca. Ya koya wa manomi cewa aikin da ba a biya ba doka ba ce, ya karɓi takardar shaida idan ya biya haraji, ya kuma san yana da ikon ɗaukaka ƙara. Ya buɗe makarantar Islamiyya a gidansa inda ake koyar da yara maza da mata bisa tsari. Ya yi tafsiri, ya rubuta wasannin kwaikwayo da littattafai, cikinsu akwai Motsi Ya Fi Zama. Ya dage a kan cewa mace ta yi karatu, ta kuma jefa ƙuri'a.

AMSAR DA AKA BA SHI

Hanya mai sauƙi tana nan. Da manya sun tara malamansu sun buɗe littattafan nan, in ya yi kuskure su nuna masa shafin, in ya yi daidai su gyara. Ba a bi wannan hanya ba. Maimakon a amsa magana sai aka ɓata mai maganar. Aka ce 'yan NEPU marasa kunya ne, ba su ganin girman iyaye. Da suka ƙulla ƙawance da jam'iyyar Dokta Azikiwe a 1954, aka ce sun sayar da addini ga mutanen Kudu. Da zarar an liƙa wa mutum irin wannan suna, an huta da sauraronsa, gama wa zai tsaya ya auna hujjar wanda aka riga aka kira ɗan iska?

Bayan suna sai sanda. A zaɓen 1951 ana zaɓe ne hawa-hawa. NEPU ta yi ƙarfi a matakan farko cikin birnin Kano, amma doka ta ba En'e iko ta ƙara mutanenta a mataki na ƙarshe, sai jam'iyyar ta tashi ba kujera ko ɗaya. A 1953 wata ƙungiya ta fito a Kano wadda ake kira 'Yan Mahaukata, aikinta dukan 'yan Sawaba. A ƙauyuka abin ya fi muni, gama can babu ɗan jarida. A kama mutum a ce ya yi lacca ba izini, ko ya zagi hakimi, alƙali ya yanka masa bulala da watanni a gidan yari. Waɗansu aka ƙara musu haraji, waɗansu suka bar garinsu. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta shugabanci matan jam'iyyar, an ɗaure ta sau da yawa, an kuma kore ta daga Kano.

Kada mu ce dukan mutanen wancan gefe mugaye ne. Da yawa cikinsu tsoro ne ya kama su, tsoron kuwa yana da tushe. Arewa tana baya ƙwarai a ilimin boko, suna ganin idan ta rabu biyu mutanen Kudu za su mallake ta. Sardauna Ahmadu Bello ya gina makarantu da jami'a, gwamnatinsa kuma ta gyara dokar hukunta laifuffuka wadda ta fara aiki a 1960. Amma tsoro ba hujja ba ne. Tsoron Kudu bai amsa tambayar manomin Kunci wanda aka karɓi harajinsa sau biyu ba. Mutum ya kan fara da tsare abu mai kyau, a hankali ya koma tsare kujerarsa, shi kansa bai san ranar da ya sauya ba.

ABIN DA KWANAKI SUKA NUNA

Malam Aminu ya sha kaye a zaɓe fiye da sau ɗaya. A 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas ya tafi majalisar tarayya a Ikko, a 1964 kuma ya rasa ta. Amma gaskiya ba ta bukatar kujera. A 1962 baitulmalin En'e ta Kano ya shiga wahala, har gwamnatin NPC da kanta ta naɗa wani Bature mai suna Muffett ya bincika. Lalle akwai jayayya tsakanin Sardauna da Sarki Muhammadu Sanusi a cikin al'amarin, amma binciken ya taɓa wurin da aka daɗe ana ɗaure mutane saboda sun nuna shi da yatsa. A 1963 Sarki ya yi murabus ya koma Azare.

Bayan soja sun karɓi mulki aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. Aka cire kotuna daga hannun sarakuna, 'yan doka da gidajen yari suka koma hannun gwamnatin tarayya. Malam Aminu ya yi aiki a gwamnatin Janar Yakubu Gowon daga 1967 zuwa 1974, da fari a kan sadarwa, daga baya a kan lafiya. A 1976 aka kafa ƙananan hukumomi a madadin En'e, a shekarar nan kuma matan Arewa suka sami ikon jefa ƙuri'a, abin da 'yan'uwansu na Kudu suka daɗe da samu. A 1978 ya kafa jam'iyyar PRP mai alamar mabuɗi. Bai ci shugabancin ƙasa a 1979 ba, amma jam'iyyarsa ta ci jihohin Kano da Kaduna, gwamnoninta kuwa, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali.

To, a duba. An ce idan mace ta jefa ƙuri'a gida zai rushe. Matan Kano suka yi layi suka jefa, suka koma gida suka tuƙa tuwo. An ce idan an raba sarki da kotu addini zai lalace. Masallatai ba su ragu ba. Makarantar Islamiyya wadda aka yi wa kallon baƙon abu, yau da wuya ka sami gari babu ita. Abin da aka yi wa mutane bulala a kansa, cikin shekara 30 ya zama abin da kowa yake yi, har jikokin masu bulalar. Sai dai wanda aka daka ya riga ya daku, wanda ya rasa gonarsa bai same ta ba.

CIWON YA SHIGA GIDA

Akwai sashen labarin da masoyansa ba su cika son ji ba, amma ya wajaba a faɗa. Jam'iyyar da aka kafa domin a saurari talaka ta kasa sauraron kanta. A 1980 gardama ta tashi a kan ko gwamnonin PRP su riƙa zama da gwamnonin waɗansu jam'iyyu masu hamayya da gwamnatin tarayya. Jam'iyya ta tsage biyu: 'yan taɓo suna tare da Malam, 'yan santsi suna tare da gwamnoni. Aka kori juna. Kowane gefe ya tabbata shi ne mai riƙe da aƙida ta gaskiya, ya kira ɗayan maci amana. Mutanen da suka sha ɗauri tare suka daina gaisawa, a waɗansu ƙauyuka har wa da ƙane. Kayan aikin da aka yi amfani da su a kansu a 1953, watau baƙin suna da 'yan sanduna, su ne suka ɗauka suka juya wa juna. Ana cikin wannan aka tsige Balarabe Musa a 1981.

Malam Aminu yana shirin zaɓen 1983, har ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, ta tsaya masa mataimakiya, sai ya rasu a ranar 17 ga Afrilu 1983. Aka binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya, yanzu yana hannun Jami'ar Bayero. Ya riƙe manyan muƙamai amma bai tara dukiya ba, wannan kuwa ko abokan gābansa ba su musa ba. Filin jirgin sama na Kano da babban asibitin koyarwa suna ɗauke da sunansa.

ABIN KOYO DOMINMU

'Yan'uwa, kada mu karanta wannan mu ce ciwon maƙwabta ne. Littafi Mai Tsarki ya nuna mana shi a cikin mutane masu ibada ƙwarai. A Yohanna sura 9, mutumin da aka haifa makaho yana tsaye a gaban Farisiyawa da idanunsa a buɗe. Suka kira iyayensa, suka sake tambayarsa, da suka rasa abin cewa sai suka zage shi suka fitar da shi. Hujja tana kallonsu, amma tsarinsu ba shi da wurin ajiye ta. A Ayyukan Manzanni sura 11 kuwa mun ga wata hanya. Masu bi na Urushalima sun yi gunaguni domin Bitrus ya shiga gidan Karniliyus ya ci abinci da al'ummai. Bitrus ya jera musu abin da ya faru daki-daki, ga shaidu 6 tare da shi. Suka saurara, suka yi shiru, suka sake tunani. Da sun taurare a ranan nan, da bishara ba ta iso ƙasar Hausa ba.

Tsayawa da ƙarfi cikin bangaskiya abu ne mai kyau, ba shi muke zargi ba. Amma bangaskiya dabam, taurin kai dabam, ga kuma yadda za a rarrabe su. Mai bangaskiya ba ya tsoron tambaya, gama ya san gaskiya ba ta lalacewa domin an dube ta. Mai taurin kai idan an tambaye shi sai ya tambayi asalin mai tambayar: ɗan wane ne, shekarunsa nawa, wa ya aiko shi. Idan saurayi ya tashi a taron ekklesiya ya nemi a karanta lissafin baiko, littafin ma'aji za mu kawo, ko za mu ce ba shi da ladabi? Idan mace ta nuna mana cewa wata doka tamu gadon gargajiya ce kawai, babu ta cikin Littafi, za mu buɗe mu duba kamar mutanen Biriya, ko za mu ce haka muka tarar? Idan ma'aikacin lafiya ko malamin gona ya zo da abin da aka gwada aka gani, za mu auna shi, ko za mu ƙi domin ba daga bakin namu ya fito ba? Lokacin zaɓe kuma, muna iya yarda cewa ɗan jam'iyyarmu ya yi laifi, na wancan gefe kuma ya faɗi gaskiya?

Mu da muke 'yan kaɗan a ƙasar nan mun san zafin a yanke wa mutum hukunci tun ba a ji bakinsa ba. Ya kamata mu fi kowa jinkirin yi wa wani haka. Mu tuna kuma da 'yan taɓo da 'yan santsi, gama shan wahala jiya ba ya hana mutum zama mai toshe kunne gobe. Allah ya ba dattawanmu da shugabannin ƙasarmu kunnen ji, ya ba matasanmu ladabi tare da ƙarfin hali, ya ba mu duka tawali'un da za mu sake hanya sa'ad da aka nuna mana gaskiya. Amin.